Electrolier: Asalin Sunan Wata Fitila

Tun da aka fara kawo labarin wani gwanjon tsofaffin fitilun rufi a Landan, wasu masu sharhi suke ta faɗar cewa electrolier sunan maƙerin fitilun ne, alhali kuwa kalma ce ta Turanci da aka sassaƙo daga kalmomi biyu, electric da chandelier, a farkon shekarun 1880, zamanin da ƙwan lantarkin Joseph Swan da na Thomas Edison suka fara korar gas daga manyan zauruka, har gidan wasan Savoy ya koma lantarki zalla a 1881. Kafin ita an riga an yi gasolier, wato fitilar rufi mai aiki da gas, bisa wannan ƙa'ida. Malaman lugga sun daɗe da sanin irin wannan aiki, suna kiransa nahtu, kuma da shi aka fitar da basmala da hamdala.

To, amma rabin kalmar na biyu shi ne abin lura. Chandelier daga Faransanci take, Faransanci kuma ya samo ta daga candela ta Latin. Ita wannan candela ɗin ce ta ratsa harshen Yunanawa ta shiga Larabci ta zama ƙindili, kuma ita ce ta biyo Turanci ta iso mana a matsayin kyandir. Ƙarnuka kafin a san gas, an rataye ƙatuwar fitilar tagulla mai ɗauke da ɗaruruwan kofunan mai a masallacin Ƙarawiyyin na Fas, a zamanin halifa Annasir na daular Muwahhidun, farkon ƙarni na 13. Aka rataye wadda ta fi ta girma a masallacin Taza a 1294. Maƙeran gilashi na Alƙahira kuwa, a zamanin Mamalik, suka riƙa zana Ayar Nur a jikin ƙindilan masallacin Sultan Hasan. Larabawa suna kiran irin fitilar Fas da ta Taza surayya, wato taurarin nan da muke ce wa kaza da 'ya'yanta, kuma a ganina ya fi electrolier kyau nesa ba kusa ba.

Abin takaici ne ɗalibi ya gama jami'a ya san Edison bai taɓa jin Taza ba. Masu tsara manhajar tarihi su daina jinkiri, su shigar da wannan babi. Editoci kuma su riƙa buɗe ƙamus kafin su ƙaga wa fitila maƙerin da ba a taɓa haifa ba.