Babi na Tara: Ƙarin Wa'adi ga Mai Ƙarar Hukuma

Idan jami'in gwamnati ya yanke wa mutum hukunci, kamar ya hana shi izinin shiga ƙasa ko ya soke masa lasisi, mutumin yana da haƙƙin kai kuka babbar kotu domin ta duba ko an bi doka da adalci wajen yankewar. Sai dai an sa wa wannan haƙƙi ajali, domin da za a bar kowane hukunci a rataye shekara da shekaru, da al'amuran mulki ba su daidaita ba.

A Kanada doka ta ƙayyade kwana 30 daga ranar da aka sanar da mutum hukuncin, amma a sha'anin shige da fice kwana 15 ne idan lamarin ya auku cikin ƙasar, 60 kuwa idan a waje ne, kamar ɗalibin da aka hana biza yana Kano ko Yamai. A Ingila wata 3 ne iyaka, kuma ko ɓangarorin biyu sun yi ittifaƙi a tsawaita, ba su da iko sai kotu.

To, wanda ajali ya kuɓuce masa, sai ya roƙi alƙali ƙari, alƙali kuwa ba ya bayarwa don tausayi kawai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayyar Kanada, a shari'ar Hennelly ta 1999, ta bayyana abin da ake aunawa: niyyar mai ƙara ba ta yanke ba, da'awarsa tana da ƙamshin gaskiya, jinkirin bai cutar da abokin husuma ba, sa'an nan yana da uzuri karɓaɓɓe. Wannan na ƙarshe shi ya fi kayar da mutane, domin ana son uzurin ya rufe dukkan kwanakin da aka yi latti, alhali yawan aikin lauya ko jahiltar doka galibi ba su isa hujja ba. A ganina nan ne ya wajaba alƙali ya yi tsantseni, don kada talaka ya ɗauki alhakin sakacin wakilinsa.

Malamanmu na Malikiyya ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke karantawa, ta keɓe fasali kan ajali, inda aka bar gwargwadonsa ga ijtihadin alƙali.