Bugun Zuciya Daban, Hawan Jini Daban

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, daga zauren dangi zuwa na 'yan kasuwa, har ya isa wayoyin iyayenmu mata. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda yake aiki ba, ya dai ce wai "wani babban likita" ne ya gaya masa. Ya jero zantukansa da murya irin ta mai wa'azi, ya rufe da cewa duk wanda ya tura wa mutum goma ya sami lada. Ban san wane lada ake samu a hana mara lafiya shan maganinsa ba.

Ƙananan zantukan ba sa bukatar dogon bayani. Ya ce bugun zuciyar mai lafiya sai ya zama 72 cif a minti ɗaya. Ba haka ba ne, ga baligin da ke zaune a huce, daga 60 zuwa 100 duk daidai ne. Ya ce jaririn da zuciyarsa ke buga 130 yana da ciwo. Haka zuciyar jarirai take. Ya ce motsa jiki na ƙarar da bugun da aka ƙidaya wa mutum, wannan kam tatsuniya ce.

Akwai inda ya faɗi gaskiya. Mutumin da jikinsa ya saba da aikin ƙarfi, zuciyarsa ba ta gaggawa idan ya huta. A zaune, zuciya na tura jini kimanin lita biyar a minti ɗaya. Ita ma tsoka ce, idan ta horu sai ta riƙa tura jini mai yawa a bugu guda, ta cika aikin da bugu kaɗan. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a sami masuncin da ya shekara da shekaru yana tuƙa kwalekwale da jan homa a Matan Fada, ko saurayin da ke atisaye kullum a filin wasa na Haliru Abdu, bugunsa na 50 ko ƙasa da haka, kuma garau yake. An ruwaito cewa Miguel Indurain, ɗan tseren keken Sifen da ya ci gasar Faransa sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, nasa ya sauka har 28. Gwanayen nutso na bikin kamun kifin Argungu ma, da zarar fuska ta shiga ruwa an riƙe numfashi, zuciya kan rage gudu da kanta. Haka Allah ya halicci jikin kowa.

A kan wannan gaskiyar ce mutumin ya ɗora ƙaryar da ta sa ni rubutu. Cewa ya yi: ka ƙirga bugunka, idan bai kai 70 ba, ba ka da hawan jini, in kuma kana shan magani ka warke, ka ajiye ƙwayoyin.

Wannan kuskure ne, kuma babu saɓani a kansa. Na'urar awon hawan jini da ake saye a kemis lamba uku take nunawa. Biyun farko su ne ƙarfin da jini ke matsa wa jijiyoyi, su ake dubawa, idan suna kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, akwai hawan jini. Ta ukun, wadda ke can ƙasa, ita ce yawan bugun zuciya, kuma harkarta daban. Manomin shinkafa a fadama ya san cewa jin ƙarar injin ban ruwa ba ya gaya maka irin matsin da ke cikin tiyo. Idan tiyon ya ƙuntata, zai iya fashewa alhali injin na tafiya a hankali. Mutum zai iya samun bugu 55 da hawan jini 170 bisa 100 a zama ɗaya. Ƙarfin jiki ba ya hana wannan, domin gado da gishiri da shekaru ba su san ɗan kokawa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, wasu magungunan hawan jinin, irin su atenolol da propranolol, aikinsu ke nan su sassauta bugun zuciya. Dattijon da ke shan su ya ƙirga ya ga 62, to maganin ne ke aiki. Saƙon kuma ya ce masa ya warke. Irin waɗannan ƙwayoyin ba a yanke su farat ɗaya: zuciya na iya zabura, jini ya hau, wanda ke da ciwon jijiyoyin zuciya ya faɗa cikin haɗari. Wasu kuma, kamar amlodipine, suna sauke hawan jini ba tare da rage bugu ba, don haka lambar nan ta uku ba ta nuna ko suna aiki ko ba sa yi.

Ba na ganin laifin waɗanda suka yarda. Magani ya yi tsada, a ce kuma kullum sai ka sha har iya rayuwa, ga shi jikinka ba ya ciwo. Duk wanda ya zo maka da labarin ka warke, kunnenka zai so shi. Matsalar ita ce hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Ranar da ya bayyana kuwa, da shanyewar ɓarin jiki yake zuwa, ko lalacewar ƙoda, ko gazawar zuciya, sai a koma ana cewa jifa ne ko iska, an manta da saƙon da ya jawo.

Motsa jiki na rage hawan jini, wannan tabbas ne, amma da 'yan lambobi. Ana so baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na abin da ya kai tafiya da sauri. Zoɓo ma wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan saukar da shi, sai dai hujjar ba ta kai a musanya shi da magani ba. Idan rage ƙwaya ya kama, likitan da ya ga awonka na watanni ne zai rage.

Ƙirga bugu na da amfaninsa in an san me ake nema. Ka zauna minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga minti guda. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ƙishirwar zafin Afrilu, goro, shayi mai kauri, taba da fargaba duk suna hanzarta shi, haka ma juna biyu. Wanda nasa ke wuce 100 kullum a zaune, ko yake tsalle ba tsari, a duba shi. Tsohon da ba ya wani aikin ƙarfi amma bugunsa ya faɗo 40, ga jiri ko suma, wannan ba ƙarfin zuciya ba ne, yana bukatar awon zuciya na lantarki da gaggawa. Mai jegon da zuciyarta ke dukan uku-uku, ga haki da kumburin ƙafa, ita ma kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wanda kuma ya riga ya ajiye maganinsa saboda saƙon nan, ya ɗauki kwalin ya nufi Asibitin Sir Yahaya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, ko ma ƙaramin asibitin unguwa. Ya faɗi ranar da ya daina sha ba ɓoye-ɓoye, ya nemi a gaya masa lambobin biyu na sama, ya rubuta su a takarda.