Amsoshin Wasiƙunku: Shin Yaro Zai Iya Girma Lafiya Ba Da Cin Nama Ba?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata uwa, wadda ta ce ta ji labarin Turawan da ba sa cin nama, har 'ya'yansu ma ba sa ba su. Tana tambaya, shin jariri zai tashi lafiya a haka?

To Malama, mun gode da wannan tambaya. Mutanen nan dai kashi biyu ne. Na farko sun bar nama da kifi, amma suna shan madara, wasunsu har ƙwai suna ci. Irin waɗannan suna da yawa a Indiya, inda addini ya sa miliyoyin mutane suka tashi a haka. Yaran wannan kashi kan girma lafiya muddin ana haɗa musu abinci iri-iri. Kashi na biyu kuwa sun ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da ƙwai da zuma. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a shekarar 1944. To a nan fa gizo ke saƙar.

Akwai wani sinadari da ake kira bitamin B12, wanda jiki ke bukata don yin jini da gina ƙwaƙwalwa. Ana samunsa a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono, amma hatsi da ganye ba sa bayar da shi. Uwar da ba ta samunsa, nononta ma zai rasa shi. Sai ki ga jariri ya yi laƙwas, ya ƙi cin abinci, ya kasa zama ko rarrafe. In aka yi jinkiri, illar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba lallai ta warke ba. Saboda haka masu wannan tsari dole su sha ƙwayar bitamin ɗin, uwa da ɗa, bisa shawarar likita.

Haɗari na biyu shi ne maye gurbin nonon uwa da ruwan hatsi. A shekarar 2017 wata kotu a ƙasar Beljiyam ta sami wasu iyaye da laifi, bayan jaririnsu ɗan wata 7 ya rasu, suna ba shi madarar shinkafa da makamantanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. A 2023 ta kuma ce a riƙa ba ƙananan yaran nama ko kifi ko ƙwai kullum.

Mai sauraro, kada ka ce wannan zancen Turawa ne. A gidajenmu da yawa tsada ce ta hana yara nama, kullum daga koko sai kunu. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da ruwan kunu, ya ƙoshi amma bai samu abin gina jiki ba. A dama kunun da kauri, a sa gyaɗa ko garin waken suya. A ba shi wake da awara da zogale, a bi da lemo ko gwaba, domin suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi kuwa hana shi yake yi. Sannan ƙwai ɗaya, ko nono, ko ɗan garin busasshen kifi a miya, kada a raina su. Zancen wai ƙwai na sa yaro sata, camfi ne kawai.

In kin ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ki garzaya da shi asibiti. Sai mun ji daga gare ku. Allah ya raya mana zuri'a, amin.