Ƙananan Halittun da Ido Ba Ya Gani

Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan aka zuba madara a ƙwarya da maraice aka rufe, da safe sai a tarar ta yi kauri ta zama nono. Idan aka jiƙa gero aka niƙa, aka tace, aka bar gasarar ta kwana, sai ta yi tsamin da ake so a koko. Idan kuma aka bar tuwo ya yi kwana uku a lokacin zafi, sai funfuna ta rufe shi. Babu hannun da ya taɓa waɗannan abubuwa, amma duk sun sauya. Masu wannan aiki wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. A wannan darasi za ku san su, ku ga amfaninsu da cutarwarsu, musamman a wuri irin Duvu da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, inda rayuwar jama'a ta dogara ga gona da dabba da rijiya.

Su wane ne su?

Mutane da yawa suna kiransu ƙwayoyin cuta. Wannan suna bai yi musu adalci ba, domin kaɗan ne daga cikinsu suke jawo cuta. Sunan da ya fi dacewa da su shi ne ƙananan halittu. Masana sun kasa su gida-gida. Akwai bakteriya, wadda ita ce take mai da madara nono, kuma wata irinta ce take kawo kwalara. Akwai dangin funfuna, kamar yis ɗin da yake kumbura burodi. Akwai furotozowa, dangin ƙwayar da sauro yake zuba wa mutum ta jawo zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma bairos, wanda ya fi duka ƙanƙanta, shi ne mai kawo mura da ƙyanda da shan inna.

Don ku gane ƙanƙantarsu, ku ɗauki rula ku dubi milimita ɗaya. Za a iya jera bakteriya kimanin 1,000 a cikin wannan ɗan tsaki. Sai dai abin da suka rasa a girma sun same shi a saurin yaɗuwa. Bakteriya ba ta haihuwa kamar akuya, rabewa take yi gida biyu. Wasu irinta, idan suka sami ɗumi da danshi da abinci, sukan rabe a kowane minti 20. Ku lissafa da kanku: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Cikin awa 7 guda ɗaya za ta iya haura miliyan 2. Wannan shi ya sa miyar da aka dafa da safe takan lalace kafin dare a watan Afrilu.

Mutumin da ya fara ganin bakteriya wani ɗan kasuwar yadi ne a ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek. Da hannunsa ya riƙa goge gilashi yana ƙera madubin ƙara girman abu, a shekarar 1676 kuwa ya ba da labarin 'yan halittun da ya gani suna iyo a cikin ɗigon ruwa. Sai bayan kusan shekara 200 Louis Pasteur na Faransa da Robert Koch na Jamus suka tabbatar cewa irin waɗannan halittu ne suke sa abinci tsami, kuma wasunsu ne suke kawo cututtuka.

Aikinsu a gona

Manoman Duvu da sauran ƙauyukan gindin duwatsun Mandara suna noma dawa da masara da gyaɗa da wake. Tun kaka da kakanni sun san cewa gonar da aka yi gyaɗa ko wake a cikinta bara, bana dawa takan yi kyau a wurin. Ga dalili. Idan kuka tuge gyaɗa a tsakiyar damina, ku duba saiwarta, za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to, bakteriya suna aiki a ciki. Suna ɗaukar sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa kai tsaye sai an sarrafa mata. Wannan sinadari shi ne manomi yake saya da tsada a buhun takin yuriya. Gyaɗa da wake kuwa suna samun nasu kyauta, har su bar wa ƙasa saura.

Aiki na biyu shi ne ruɓarwa. Ku yi tunanin yawan ganye da kara da kashin shanu da ake samu a ƙasar Mubi kowace shekara, garin da kasuwar shanunsa ta yi suna har Kamaru da Chadi. Da babu mai ruɓar da su, da sun taru sun rufe ƙasa. Bakteriya da funfuna su ne suke cinye su, su mai da su baƙar ƙasa mai taushi da riƙe ruwa. Cokalin shayi ɗaya na irin wannan ƙasa yana iya ƙunsar ɗaruruwan miliyoyinsu. Saboda haka manomin da yake banka wa gonarsa wuta kowace rani yana ƙone abincin ma'aikatansa ne.

Ita kanta saniya ba za ta rayu ba sai da su. Ciyawa tana da tauri, cikin dabba shi kaɗai ba ya iya narkar da ita. A cikin tumbin saniya da na tunkiya da na akuya akwai tarin ƙananan halittu da suke narkar da ciyawar, dabba ta sami ƙarfi, mu kuma mu sami nama da nono.

Aikinsu a madafa da cikin jiki

Ku lura da yadda ake yin daddawa. Mai yi takan dafa kalwa tsawon sa'o'i har ta yi laushi, ta surfa, ta wanke ta cire ɓawon, ta sake dafawa, sannan ta zuba a kwando ta lulluɓe da kyau, ta ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A cikin waɗannan kwanaki wata bakteriya take aiki a kan kalwar. Ita ce take fito da warin da kuka sani da ɗanɗanon da yake gyara miyar kuka. Kalwar da ba ta ciwuwa sai ta zama abinci mai gina jiki, wanda yake daɗewa bai lalace ba. Haka ma mai kindirmo takan dafa madara, ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan nonon jiya. Wannan ɗan nono iri ne, kamar irin shuka. Tsamin da bakteriyar cikinsa suke fitarwa yana hana miyagun ƙwayoyi da yawa yaɗuwa.

A cikin hanjin kowane ɗayanku ma akwai biliyoyinsu. Suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna kuma cike gurbi ta yadda mugun baƙo ba zai sami wurin zama da sauƙi ba.

Ɗan hakin da ka raina

Yanzu mu juya ga masu cutarwa. A watan Mayu na shekarar 2018 cutar kwalara, wadda ake kira amai da gudawa, ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Ɗaruruwan mutane suka kamu, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Aka buɗe wurin jinya na musamman a Babban Asibitin Mubi, ma'aikatan lafiya na jiha suka haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin agaji, aka riƙa zuba sinadarin kulorin a ruwan sha, daga baya aka ba jama'a maganin rigakafi na ɗigawa a baki.

Yaya wannan cuta take tafiya? Ƙwayarta tana fita ne a bayan gidan wanda ya kamu. Idan ya yi a fili ko a bakin rafi, ruwan sama na farkon damina sai ya kwashe ƙazantar ya zuba a kogi irin Yedzaram, ko a rijiyar da ba ta da murfi. Ƙuda ma yakan ɗauka a ƙafarsa ya sauka a kan abinci, hannun da ba a wanke ba shi ma yakan kai ta baki. Ruwan da yake ɗauke da ita yana iya zama garau, babu wari, babu launi. Tun a 1854 wani likita mai suna John Snow ya nuna haka a birnin Landan. Ya bi gidajen waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yawancinsu famfo ɗaya suke ɗiba. Hukuma ta cire hannun famfon.

Abin da yake kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma hakan yana iya faruwa cikin 'yan sa'o'i. Don haka idan wani ya fara gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, kada a jira gari ya waye. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙunshi da ake samu a asibiti, a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi yana kurɓa a hanya, har a isa asibiti.

Funfuna ma tana da nata sharrin. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi wata funfuna mai fitar da guba, wadda take lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Maganin abin shi ne a shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol har ya bushe sarai, a tsince wanda ya ɓaci a zubar.

Makaman da muke da su

Ɗan Adam bai zauna hannu rabbana ba. A 1928 Alexander Fleming ya lura cewa wata funfuna tana kashe bakteriyar da ke kusa da ita, daga nan aka sami maganin fenisilin. Kun ga ke nan ƙaramar halitta ce ta ba mu makamin yaƙar 'yar'uwarta. Allurar rigakafi kuma ta kawar da cutar agana daga duniya baki ɗaya, aka tabbatar da haka a 1980. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Nijeriya da sauran Afirka sun rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sai dai makami yana dakushewa in an yi wasa da shi. Magungunan kashe bakteriya, irin kafson nan mai launi biyu, ba sa taɓa bairos, saboda haka shan su don mura asara ce. Wanda kuma yake shan su barkatai, ba bisa umarnin likita ba, yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar masu taurin kai su yaɗu. Ranar da cuta ta gaske ta zo, sai maganin ya ƙi ci.

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancinsa yana hannunku. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun fito daga bayi da kuma kafin cin abinci. Ku tafasa ruwan da ba ku amince da shi ba, ku rufe randa, ku ware mata moɗa ɗaya mai tsabta. A haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma a gangare da ita. A dafa madara kafin a sha, a kai yara rigakafi a kan lokaci. Wanda ya kiyaye waɗannan ya toshe wa masu cutarwa hanya, ya bar masu amfani suna yi masa aiki a gona da madafa.

Ma'anar kalmomi

Gasara: ƙullun gero ko dawa da aka tace don yin koko.
Funfuna: abin da yake tsirowa kamar auduga a kan abincin da ya daɗe.
Kalwa: 'ya'yan ɗorawa.
Tumbi: babban ɓangaren cikin dabba mai tuƙa.
Masai: ramin bayan gida.
Dakushe: rasa kaifi.

Tambayoyi

1. Me ya sa sunan ƙwayoyin cuta bai dace da dukan ƙananan halittu ba?
2. Bayyana yadda gyaɗa da wake suke ƙara wa gona ƙarfi.
3. Kawo hanyoyi uku da kwalara take bi ta shiga jikin mutum.
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
5. Mene ne ma'anar karin maganar nan: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido? Danganta ta da darasin.

Aikin yi

Ku tambayi wata mai yin daddawa ko kindirmo a unguwarku yadda take aikinta, ku rubuta matakan a jimloli goma na Hausa, ku nuna matakin da ƙananan halittu suke shiga.