Sabon Birki, Sitiyari Na Karkarwa

Corolla ce, an sa mata sabbin faifan birki na gaba da sabbin takalma. Ba a yi wata guda ba, in direba ya kai gudun kilomita 80 ya taka birki, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa. Ya ɗaga ƙafa, shiru.

Zargi na farko ya faɗa kan taya, aka ce a je a yi balansin. Tsohon makaniken da aka kai wa motar daga baya ya girgiza kai, ya ce wa mai motar: "Alhaji, da taya ce, da ko ba ka taɓa birki ba, za ta yi rawa." Ya tambayi inda ake jin abin, a sitiyari ko a kujera. A sitiyari. To, gaba ne, an sallami ƙafafun baya.

Sai aka koma kan mai sayar da kaya, wai faifan jabu ne. A gareji wannan zargi ba ya wuya, domin mai shago ba ya nan balle ya kare kansa. Makaniken ya ɗaga motar a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga: boris lafiya lau. Ya duba fil-fil ɗin da maƙalar birki ke zamewa a kansu, suna da giris, ba su cije ba.

Daga nan ya ɗauko agogon awo mai allura, ya ɗora bakinsa a gefen faifan, ya juya a hankali. Na dama bai ce komai ba. Na hagu kuwa allura ta yi lilo har milimita 0.15, alhali abin da aka saba yarda da shi bai wuce kimanin 0.05 ba. Alhaji ya ce, "Ka gani ko, Malam? Jabu ne!"

"Tsaya tukuna." Ya sa alli inda allura ta fi hawa, a jikin faifan da kuma kan kusar da ke daidai wurin. Ya zare faifan, ya juya shi, ya mayar a wasu ramukan. Da faifan ne a karkace, da tudun ya bi allinsa. Bai bi ba, ya tsaya wajen kusar nan.

Da aka haska fuskar hob, inda faifan ke zama, ga ɓawon tsatsa ja a gefe guda, kaurinsa bai kai na takarda ba. A kansa aka kifa sabon faifai. 'Yar karkatar da ke tsakiya tana ƙaruwa in an kai baki, sai faifan ya riƙa gogar takalmi a waje ɗaya duk juyi, har kaurinsa ya bambanta. Shi ya sa karkarwar ba ta zo ranar farko ba. Ga kuma notin da aka ɗaure da bututu a bakin sifana, wani ya sha ƙarfi, wani sako-sako.

Burushin waya da samfefa suka fito da hob fes. Aka kai faifan inji aka shafe shi kaɗan, aka ɗaure notin a tsallake-tsallake da sifana mai awo, kowanne 103 Nm kamar yadda Toyota ta tsara wa Corolla. Allura ta kwanta. A titi makaniken ya rage gudu da birki sau da dama ba tare da tsayawa cak ba, don takalman su zauna daidai.

Mai mota, ranar da za a canja maka faifai, ka tsaya ka ga an kankare hob kafin a ɗora.