Hutun azumi a makarantun Katsina: Wa zai biya ɗaliban Dutsi makonnin da suka rasa?

A ƙarshen watan Fabrairun 2025, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, makarantun firamare da sakandare a ƙaramar hukumar Dutsi da ke shiyyar Daura suka sallami ɗalibai, kamar sauran makarantun jihar Katsina. Ba a koma aji ba sai bayan ƙaramar Sallah.

Jihohin Kano da Bauchi da Kebbi ma sun ɗauki irin wannan mataki, inda hutun ya kai kusan mako biyar. A Katsina, hukumar Hisbah ta umarci makarantu masu zaman kansu da su bi sahun na gwamnati.

Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya

Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ƙarƙashin Archbishop Daniel Okoh, ta yi watsi da matakin, ta kuma yi barazanar zuwa kotu, tana mai cewa ba a tuntuɓi iyayen da ba Musulmi ba. Ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta yi barazanar zanga-zanga.

Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC kuwa ta mara wa gwamnonin baya. Masu wannan ra'ayi na cewa tun zamanin Turawa aka ɗora kalandar makarantun boko a kan Kirsimeti da Ista, don haka ba laifi ba ne jihar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne ta duba nata lokacin ibada.

Sai dai sukar ba daga Kiristoci kaɗai ta fito ba. Ƙaramar ministar ilimi, Suwaiba Ahmad, ta ce ko a Saudiyya ba a rufe makarantu saboda azumi.

Yadda abin yake a karkara

A wuri kamar Dutsi, inda kusan kowa Musulmi ne, ba a kan addini gardamar take ba, a kan lokaci ne.

Masu goyon bayan hutun na da hujja. Watan Maris farkon bazara ne, rana na dukan rufin kwano, kuma yaran ƙauyuka da dama a ƙafa suke zuwa makaranta. Malamin da ya kwana a sallar tahajjud da wuya ya iya tsayuwa gaban allo har azahar.

Amma ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare na da nasa lissafin. Jarrabawar JAMB da ta WAEC duk a ƙarshen Afrilu suka fara a 2025, 'yan makonni bayan Sallah, kuma rana ɗaya ake rubuta su da ɗan Legas wanda bai yi hutun ba. Ɗan mai hali a birni zai samu malamin darasi a gida. Ɗan manomi kuwa aji ne kawai gatansa, ga shi da damina ta faɗi gona za ta sake raba hankalinsa.

Azumi ba ya tsayawa wuri guda

Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa kowace shekara. A 2025 ya zo daf da hutun zango na biyu, don haka aka iya haɗe su. A 2030 kuwa farkon Janairu zai kama, cikin sanyin hunturu, daidai lokacin da aka dawo daga hutun ƙarshen shekara. A lokacin hujjar zafi ta faɗi, kuma rufe makaranta zai cinye farkon zangon.

Wannan na nufin dole ma'aikatar ilimi ta tsara kalanda tun shekara ba ta fara ba: ko a rage awannin karatu a tashi da wuri, ko a taƙaita hutun ga goman ƙarshe da kwanakin Sallah, ko a rage dogon hutu don cike gurbin.

Makarantun allo sun daɗe da irin wannan tsari: Alhamis da Juma'a hutu, Sallah da Mauludi hutu, kowa ya san ranar komawa. Abin da iyaye a Dutsi ke da haƙƙin sani daga gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa shi ne, idan an rufe, yaushe za a rama darussan?