Kantunan 7-Eleven da Tsarin Aron Suna

A unguwar Alsawra ta Omdurman, kamar dai a Kano, mai kanti shi ke da iko da kayansa. Shi ke saro su, shi ke sa farashi, ya kuma ba maƙwabci bashi in ya ga dama. Amma akwai kantunan da ba haka suke ba, kamar 7-Eleven.

Asalinsa wani kamfanin ƙanƙara ne a birnin Dallas na Amurka. A 1927 aka fara sayar da madara da burodi da ƙwai a gefen ƙanƙarar. A 1946 aka raɗa wa kantunan wannan suna, domin ana buɗe su da ƙarfe 7 na safe, a rufe 11 na dare. Sun isa Japan a 1974. Sai reshe ya juye da mujiya: a 1991, da bashi ya yi wa uwar kamfanin katutu, Japanawa suka saye mafi yawan hannun jarinsa. Yanzu kantunan sun haura 80,000.

Yawancinsu ba kamfanin ne ke zaman su ba. Mutum ke biyan kuɗi a ara masa suna da tsarin ciniki, ya ɗauki ma'aikatansa, sannan a raba riba. Sharuɗɗan kuwa ba wasa. A 2019 wani mai kanti a yankin Osaka ya daina kwana a buɗe saboda ƙarancin ma'aikata, rikici ya ɓarke, kafin shekara ta ƙare an soke yarjejeniyarsa.

7-Eleven bai taɓa shiga Sudan ba. Daga 1997 zuwa 2017 ma takunkumin Amurka ya hana kamfanoninta ciniki a ƙasar.